Wai Wane Banki Ne Na Gwamnati? Tambayoyin Da Mutanen Zango Ke Yawan Yi Mun

Salamu alaikum jama'a. Na yi 'yan shekaru ina aikin kashiya a wani banki nan Adum cikin Kumasi kafin na ajiye na koma harkar kasuwa, to tun lokacin mutanen Aboabo suka maida ni kaman gwamnan babban banki, in an fito masallaci tambaya, wajen suna tambaya, hatta wajen shan ataya sai wani ya matso ya ce dan Allah Malam wannan bankin na gwamnati ne ko na mutane. Na gaji da maimaita magana ɗaya shi ya sa na tattara tambayoyin wuri guda. Wanda ya san wani abu ya fi ni sai ya gyara mun, ba girman kai.

Da farko dai, me ake nufi in an ce banki yana da lasisin gwamnati?

Izini ne kawai. A Ghana ba ka isa ka kama shago ka kafa allo ka ce jama'a su kawo ajiya ba sai Bank of Ghana, wato babban bankin ƙasa, ya ba ka lasisi, dokar da ke kan wannan ita ce Act 930 ta shekarar 2016. Kafin su ba ka sai sun duba jarinka, sun duba su waye masu bankin da inda suka samo kuɗin, sun duba daraktoci ko akwai mai tabo a cikinsu, kuma ko bayan sun ba ka ba su barinka haka, kullum rahoto kake aika musu, su ma su turo masu bincike su buɗe littattafanka. Mu da muka yi aiki a ciki mun san ranar da aka ce masu bincike na zuwa ko manaja ba ya cin abincin rana da daɗi. Jarin da ake nema kafin a buɗe cikakken banki da can sidi miliyan 120 ne, a 2017 aka ɗaga shi zuwa miliyan 400 aka ba bankuna zuwa ƙarshen 2018 su cika.

Wanda ya ba da lasisi kuma shi ke da ikon ƙwacewa, mun gani da idonmu.

To ashe duk bankin da ke da lasisi na gwamnati ne ke nan?

A'a Hajiya, nan ne mutane ke ruɗewa. Ki dubi trotro ɗin da kike shiga daga Aboabo zuwa Kejetia, yana da takardun DVLA hukumar rajistar motoci, direba na da lasisi, an manna sitika a gilashi, gwamnati ta yarda ya hau titi ya ɗauki fasinja. Amma motar ta wa ce? Ta wani Alhaji ce da ke zaune a gida yana jiran kuɗin yamma. In ta yi riba tasa, in injin ya buga shi zai kai ta wajen makanikai a Magazin. Motar gwamnati kuwa ita ce wadda kike gani da lamba GV, da kuɗin haraji aka saye ta.

Haka banki yake. Ecobank, Fidelity, CalBank, Zenith, Stanbic, Absa duk suna da lasisin Bank of Ghana amma na masu hannun jari ne, wasu 'yan ƙasa wasu 'yan waje. Bankin gwamnati shi ne wanda gwamnati ke riƙe da hannun jarinsa, duka ko mafi yawa, ita ke naɗa masu kula da shi, in an raba riba a kai baitulmali, in kuma ya yi asara ni da ke za mu biya ta hanyar haraji ko mun sani ko ba mu sani ba. Kuma shi ma bankin gwamnatin sai ya nemi lasisi kaman kowa, motar GV ma ai ba ta hawa titi babu takarda.

Waɗanne ne na gwamnatin a nan Ghana?

Wanda babu gardama a kai shi ne CBG, wato Consolidated Bank Ghana, ɗari bisa ɗari na gwamnati ne. Ranar 1 ga Agusta 2018 aka haife shi, ranar da Bank of Ghana ya soke lasisin bankuna biyar a lokaci ɗaya, uniBank da Royal Bank da Beige Bank da Sovereign Bank da Construction Bank, aka kwashe ajiyar mutane aka zuba cikin sabon banki, gwamnati ta sa mishi jarin sidi miliyan 450. A Janairun 2019 aka ƙara mishi da kwastomomin Premium da Heritage.

Sai NIB, wanda aka kafa a 1963 zamanin Kwame Nkrumah don ba masana'antu rance mai dogon zango, gwamnati ke da mafi yawan hannun jarinsa. Sai ADB bankin manoma na 1965, shi ya shiga kasuwar hannun jari a 2016 amma har yanzu gwamnati da hukumominta ne ke da babban kaso. Akwai kuma waɗanda ba ka shiga ka buɗe asusu, irin Ghana EXIM Bank na 2016 mai taimaka wa masu fitar da kaya waje, da Development Bank Ghana da aka ƙaddamar a 2022, shi wannan bankuna yake ba kuɗi su kuma su ba 'yan kasuwa, ko ka je ƙofarsu da jakar kuɗi ba za su karɓa ba.

Ina GCB? Babana har ya rasu "bankin gwamnati" yake ce mishi.

Allah ya jiƙan Baba, a zamaninsa gaskiya ya faɗa. Asalin GCB shi ne Bank of the Gold Coast da aka buɗe a 1953, da aka samu 'yancin kai a 1957 sai aka raba shi biyu, ɓangare ɗaya ya zama Bank of Ghana ɗayan ya zama Ghana Commercial Bank, kuma shekara da shekaru gwamnati ce kaɗai mai shi. A 1996 aka kai shi kasuwar hannun jari aka sayar wa jama'a wani kaso. Yanzu abin da gwamnati ke riƙe da shi kai tsaye wajen kashi 21 ne cikin 100, hukumar fansho SSNIT kuma wajen kashi 30, sauran na mutane da kamfanoni.

To nan ne musu ke tashi a majalisar hira. Wani ya ce in ka haɗa 21 da 30 ai ya wuce rabi saboda haka na gwamnati ne, wani ya ce kuɗin SSNIT ai kuɗin fanshon ma'aikata ne ba na gwamnati ba. A takarda na biyun ya fi gaskiya. Amma ni dai abin da nake kallo shi ne, in an canza gwamnati wa ake canzawa a saman bankin? In ka ga sabon shugaban ƙasa ya hau ba a jima ba an ji sabon manajan darakta da sabbin 'yan kwamiti, to ka san inda igiyar take. Ni ina ce mishi bankin da gwamnati ke da baki a ciki, na bar musu gardamar.

Wani ya ce mun "Chartered" ɗin da ke sunan Standard Chartered na nufin gwamnati ce ta kafa shi. Haka ne?

Ya kama bakin zaren amma bai ja shi daidai ba. A Ingila ta da, in mutane za su kafa babban kamfani ko banki sai sarki ko sarauniya ta ba su wata takardar izini ta sarauta mai hatimi, ita ce ke ba su damar aiki ta kuma faɗi iyakarsu, wannan takardar ce asalin kalmar. A 1853 Sarauniya Biktoriya ta ba wani banki irin wannan takarda don ya yi harka a Indiya da Ostareliya da Sin, shi ne Chartered Bank, a 1969 ya haɗe da Standard Bank suka zama Standard Chartered. Sarauniya izini ta bayar, ko sisi ba ta zuba ba, 'yan kasuwa ne masu abinsu tun ranar farko. Reshensu na nan kuma tushensa Bank of British West Africa ne da ya buɗe a Akra a 1896.

Abin da zai ba ka mamaki ma, shi kansa babban bankin Ingila da irin wannan takardar aka kafa shi a 1694 kuma na 'yan kasuwa ne, aikinsa na farko ba sarki bashin kuɗin yaƙi, sai a 1946 gwamnati ta karɓe shi ya zama nata. Shekara 252 ke nan yana aiki da izinin sarauta ba tare da sarauta ta mallake shi ba.

Zan iya buɗe asusu a Bank of Ghana tunda shi ne uban duka?

Ba za ka iya ba. Na gwamnati ne kam, amma kwastomominsa gwamnati ce da bankuna. Shi ke fitar da sidi, shi ke riƙe da ajiyar dala da zinariyar ƙasa, shi ke sa ido kan sauran. Kai dai in bankinka ya cuce ka kuma ka kai ƙara wajensu ba su saurare ka ba, kana da damar kai kuka Bank of Ghana, suna da ofis a nan Kumasi ba sai ka hau mota zuwa Akra ba.

Ɗana da ke Bronx ya ce bankinsa "na jiha" ne. Wato gwamnatin jiharsu ce mai shi?

Kusan tabbas ba haka yake nufi ba Alhaji. Amurka ƙofa biyu gare su ta samun lasisi, mu ƙofa ɗaya gare mu. Banki na iya karɓar izini daga gwamnatin tarayya, tsarin da aka fara tun 1863 lokacin yaƙin basasarsu, irin waɗannan za ka ga kalmar National a sunansu ko haruffan N.A. a ƙarshe. Ko kuma ya karɓa daga jihar da yake, New York ko Ohio ko wata. To in sun ce bankin jiha suna nufin jiha ce ta ba shi takarda, masu shi kuwa 'yan kasuwa ne. Wanda aka sani da gaske jiha ce ke da shi shi ne Bank of North Dakota, manoma ne suka matsa aka kafa shi a 1919 saboda sun gaji da kuɗin ruwan da bankunan manyan birane ke ɗora musu, yana nan har yau.

Amurkawa dama tun farko suna ɗari-ɗari da bankin gwamnati. Na farkon da majalisarsu ta ba izini a 1791 wa'adin shekara 20 aka yanka mishi, gwamnati kashi 20 kacal ta riƙe, da wa'adin ya cika aka ƙi sabuntawa. Na biyun ma shugaba Andrew Jackson ya hau kujerar na ƙi a 1832. Wasu ƙasashen kuma akasin haka ne, a Sin manyan bankuna huɗun duk gwamnati ke juya su, Indiya ma a 1969 rana ɗaya ta karɓe bankuna 14.

Me ya kai gwamnati harkar banki tun farko, ba ta da aikin yi ne?

Ka tambayi tsofaffin 'yan goro da 'yan shanu in akwai sauran masu rai. Zamanin Turawa bankuna biyu ne ke cin kasuwar ƙasar nan, na British West Africa da Barclays, kuma hankalinsu na kan manyan kamfanonin Turawa masu fitar da koko da zinariya da katako. Baƙin fata ɗan kasuwa ya kai ajiya za a karɓa, amma ya nemi rance sai a ce ina jinginarsa, shi kuwa dukiyarsa tana cikin huhun goro ko garken shanu da ke kan hanya daga arewa, gidan da yake ciki ma na gado ne babu takarda. Saboda wannan kukan ne aka buɗe bankin 1953, bayan 'yanci kuma aka yi ta ƙara wasu, na masana'antu, na noma, na gidaje. Tunanin shi ne akwai wuraren da ɗan kasuwa ba zai kai kuɗinsa ba saboda ribar ba ta zuwa da wuri, wa zai buɗe reshe a ƙauyen da babu kwalta, wa zai ba manomi bashi ya jira kaka? Har yau in ka zaga garuruwan arewa akwai inda GCB ko ADB ne kaɗai babban bankin da za ka gani, wannan kam a yaba musu.

Amma kowa ya san ciwon kayan gwamnati, kayan kowa ne kuma ba na kowa ba. Babban mutum ya ɗaga waya a ba wane rance, wane kuma ya ɗauka rabonsa ne na siyasa, kamfanonin gwamnati su ci bashi su ƙi biya, ɗan kwangila ya karɓi rance ya yi aikin gwamnati ita kuma ta riƙe kuɗinsa shekara uku, bashin ya ruɓe a wuyan banki. Haka Bank for Housing and Construction da Ghana Co-operative Bank suka mutu a shekarar 2000, samarin yanzu ma ba su san an yi su ba. NIB ma ya daɗe yana jinya ana ta yi mishi ƙarin jini da kuɗin haraji.

To kuɗina sun fi tsira a bankin gwamnati ko?

Wannan ita ce ainihin tambayar, duk sauran share fage ne, saboda haka bari in ja ta da tsawo.

Ta fuska ɗaya eh, da wuya gwamnati ta tsaya tana kallo bankinta ya rufe da kuɗin talakawa, kunyar siyasar kaɗai ba za ta bari ba. Amma ku tuna abin da ya faru ranar 14 ga Agusta 2017, mutane sun wayi gari an ce UT Bank da Capital Bank babu su, duka biyun na 'yan kasuwa ne, kuma duk da haka masu ajiya ba su rasa kuɗinsu ba, an maida su GCB suka ci gaba da cira. Na 2018 ma haka aka yi, gwamnati ta rubuta takardar bashi ta sidi biliyan 5.76 don cike ramin bankuna biyar ɗin nan. Waɗanda suka sha kashi su ne masu hannun jari da ma'aikata, abokan aikina nawa suka koma gida. Wato a wancan karon lasisin cikakken banki ne ya ceci mai ajiya, ko bankin na wa ne.

Waɗanda suka ga tasku su ne na ƙananan wurare. A Mayun 2019 aka soke lasisin kamfanonin maikurofainans 347, a Agusta aka bi da wasu 23 na ajiya da rance. Gwaggona mai sayar da atamfa a Kejetia kuɗin Makkarta na cikin ɗaya daga cikinsu, na sha gaya mata ribar da suke alkawari ta yi yawa ta ce ai suna da takardar gwamnati a bango, da gaske kuma suna da ita. Ta samu kuɗin daga baya amma sai da ta yi ta sintiri da fotokofi da layi cikin rana, kafin su fito kuɗin kujera ya tashi ya bar ta. Gaba ɗaya gyaran nan ya ci wa ƙasa sama da sidi biliyan 20.

Kuma kar wani ya ɗauka dole ne gwamnati ta sake yin haka. Abin da doka ta yi alkawari shi ne inshorar ajiya ta hukumar GDPC da ta fara aiki a 2019, lokacin da aka fara iyakarta sidi 6,250 ne ga mai ajiya a banki, 1,250 ga na ƙananan wurare. Ka kwatanta da Amurka inda ake rufa wa mutum asiri har dala 250,000. Abin da ya haura iyakar sai an sayar da kadarar banki a ga abin da ya saura.

Sannan ita gwamnatin kanta ba dutse ba ce. A Disambar 2022 ta fito ta ce ba za ta iya biyan bashin cikin gida yadda ta yi alkawari ba, aka canza wa masu bon, wato waɗanda suka ba ta bashi mai dogon zango, takardunsu aka ja musu lokaci, har 'yan fansho tsofaffi suka yi ta zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi. Masu tibil, wato takardar bashin gwamnati ta gajeren lokaci, su an tsame su. Bankuna kuwa na gwamnati da na 'yan kasuwa duk sun ji a jikinsu don duk sun ba ta bashi, shi kansa Bank of Ghana asarar da ya bayyana ta shekarar ta haura sidi biliyan 60. A wancan Disambar ta 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54, to ko a wane banki ka ajiye sidinka, abin da zai saya maka a kasuwar Asawase ya ragu. Babu lasisin da ke maganin wannan.

Gwamnati na iya sa hannu cikin asusuna in a bankinta nake?

Haka kawai a'a. Kuɗin ajiya naka ne, bashi ne a wuyan banki. Abin da ke iya taɓa asusu shi ne umarnin kotu, ko hukumar haraji GRA in tana binka, ko masu binciken kuɗin haram in sun ga abin da bai kwanta musu ba, kuma waɗannan ko a wane banki kake za su same ka, tunda ko'ina yanzu da Ghana Card ake harka. Na san inda tsoron ya samo asali, dattawanmu ba su manta 1982 ba lokacin da gwamnatin soja ta janye takardar sidi 50 aka kuma riƙa bincikar masu kuɗi da yawa a banki, tun daga nan wasu suka koma ajiya ƙarƙashin katifa suka kuma koya wa 'ya'yansu. Ba na ganin laifinsu. Sai dai duk wanda ya ga gobarar kasuwar Kumasi ko sau ɗaya ya san kuɗin cikin shago ma ba su da tabbas.

In na ci bashin bankin gwamnati na kasa biya, ai kuɗinmu ne ko?

Kai malam, wannan tunanin ne ya kashe bankunan da na ambata a sama. Za su bi ka, za su sayar da abin da ka jinginar, sunanka kuma ya shiga rajistar masu taurin bashi da duk bankuna ke dubawa, gobe ko rancen waya ka nema a hana ka. Kuɗin da suka ba ka ajiyar wata mai koko ce da albashin wani malamin makaranta. Kuma a daina haɗa banki da MASLOC ko Asusun Raya Zango, waɗannan shirye-shiryen gwamnati ne, ba sa karɓar ajiya, na MASLOC ɗin ma rance ne ana biya.

Bankunan karkara fa, da susu, da MoMo?

Bankin karkara na mutanen yankin ne, su ke sayen hannun jari, na farko an buɗe shi a Agona Nyakrom a 1976. Lasisi daga Bank of Ghana, ARB Apex Bank kuma ke musu kaman uwa. Ba na gwamnati ba ne ko da yake ita ta kawo tsarin.

MoMo na kamfanin waya ne, da lasisinsa a ƙarƙashin dokar biyan kuɗi ta 2019, kuɗin da kake gani a wayarka kuma suna kwance a bankuna cikin asusun amana, kamfanin ba shi da ikon juya su yadda ya so. Mai susu da ke zagayawa da kati kuwa, da adashin da mata ke yi a gida, wannan amana ce tsakaninku, in ya gudu sai dai 'yan sanda da Allah ya isa.

'Yan uwanmu na Najeriya fa, su ma haka abin yake?

Kusan haka. Babban bankinsu CBN ya fara aiki a 1959, shi ke ba da lasisi, NDIC ke inshorar ajiya. Da can jihohi na da bankunansu, wanda 'yan arewa suka fi sani shi ne Bank of the North mai dogon benen nan a Kano, da aka ce a 2004 kowane banki ya kawo jarin naira biliyan 25 sai ya narke cikin Unity Bank. Yanzu manyan bankunan kasuwancinsu na 'yan kasuwa ne, gwamnati ta riƙe irin su Bank of Industry da Bank of Agriculture.

Kuɗin ruwan bankin gwamnati shi ma riba ne?

Wannan fatawa ce, ni kuma kashiya na yi ba malanta ba, a tambayi malamai. Abin da zan iya faɗa ta ɓangaren aiki shi ne babu bambanci wajen lissafi, yadda bankin 'yan kasuwa ke ɗora ruwa haka na gwamnati ke ɗorawa. Mutanenmu da yawa asusun karent suke buɗewa wanda ba a sa mishi ruwa, wasu kuma su ce a cire musu ruwan su bayar ba da niyyar lada ba. Act 930 ta ambaci harkar banki marar ruwa cikin abubuwan da ake iya ba izini, an daɗe ana maganar a nan, Najeriya kuwa tun 2012 Jaiz ya buɗe ƙofa. In an samu irinsa ma lasisin Bank of Ghana zai nema kaman kowa.

Ta yaya zan gane wuri na da lasisi da gaske?

Kar takardar bango ta ruɗe ka, kowane mai firinta zai iya bugawa. Ka shiga shafin Bank of Ghana a intanet, akwai jerin sunayen duk masu lasisi aji-aji, in ba ka iya ba ka sa yaro ya duba maka. Kuma ka lura da ajin, don takardar rajistar kamfani daban lasisin karɓar ajiya daban, wurin da aka ba izinin ba da rance ba lallai an ba shi izinin karɓar kuɗinka ba. Kamfanin zinariyar nan Menzgold ai sai da Bank of Ghana ya yi ta shela cewa ba shi da izinin karɓar ajiya kafin a rufe shi a 2018, mutane suka toshe kunne saboda ribar wata-wata. Duk wanda ya ce zai ba ka a wata ɗaya abin da tibil ke bayarwa a shekara, tambaye shi wace kasuwa yake yi da kuɗin, ka kuma tsaya ka ji amsar.

Mun ga tsohon littafin bankin mahaifinmu cikin akwati, bankin ma ya canza suna. Kuɗin sun tafi ke nan?

Ba lallai ba. Canza suna ba ya kashe ajiya, Barclays ya koma Absa a 2020, SSB ya koma Société Générale, Merchant Bank ya koma UMB, duk wanda ya gaji banki ya gaji bashin da ke wuyansa. Asusun da aka daina taɓawa shekara 2 ana ware shi a matsayin mai barci, in ya kai shekara 5 babu wanda ya zo sai a tura kuɗin Bank of Ghana a ajiye, kuma magada na da ikon nema. Za ku je da littafin, da takardar shaidar rasuwa, da takardar kotu mai nuna wanda aka ɗora wa kula da gadon, da Ghana Card ɗinsa.

Sai dai kafin ku fara rabon gado a baki ku duba shekarar da ke jikin littafin. In kafin Yulin 2007 ne to tsohon sidi ne, a cire sifili huɗu, 10,000 na da shi ne sidi 1 na yanzu. Wasu samari sun taɓa zuwa mun a kanta su huɗu da littafi an rubuta miliyan 3, har sun gama shawarar wanda zai sayi babur, na buga musu lissafi ya fito sidi 300, babbansu ya karɓi littafin ya juya shi gaba da baya ya ce in sake bugawa.